Littafin Lanho na Kurnar Bako

Ran Laraba da sassafe aka tarar da ƙofar shagon Maigari Ɗan Baba, ɗakin da ke bakin gidansa, a buɗe. Abdul Aziz ne ya kawo labari, shi ne sakataren maigari, mai rubuta lanho, harajin nan da kowane baligi ke biya duk shekara. Ya ce ya duba alkukin bango inda babban littafin ke zama, bai ga littafi ba. Ya duba akwatin ƙarfe, ya tarar an karya kwaɗo. Kuɗin da aka tara tun farkon kaka, jika ɗari biyu da goma, kowace jika sefa dubu, babu ko dala, ga shi washegari ne za a kai su meri, ofishin magajin gari, a Madarunfa.

Kafin rana ta hau kan kurna, rabin garin yana ƙofar gidan maigari. Ba kuɗin kaɗai ya tsorata mutane ba, littafin ne. A cikinsa aka rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba. Takardun biya da sakatare ke yankar wa mutane, wasu gara ta ci, wasu an ƙunshe taba da su. In babu littafi babu kuɗi, to kowa ya san inda maganar za ta ƙare: a sake biya, a shekarar da gero bai yi ba.

Ba a daɗe ba aka sami wanda za a ɗora wa. Wani ya ce ya ji motar Ɗan Azumi mai safarar fetur, wato babur ɗinsa, ta bi bayan gidan maigari kafin a tada salla. Wani ya tuna cewa ran kasuwa Ɗan Azumi ya yi cacar baki da sakatare, har ya ce wata rana sai ya ƙona littafin nan. Da ya dawo daga Ɗan Issa da jarkokin mai a bayansa, samari suka tare shi, suka zaunar da shi a zaure. Wasu na cewa a kira jandarma.

Maigari ya ce a dakata. Ya sa an ja igiya daga ƙofar shago zuwa gindin kurna, ya hana kowa tsallakewa, ya aika a kira Mahaman.

*

Mahaman mai bin sawu ne. Shekara talatin yana bin shanu da jakunan da aka sace, wani lokaci har cikin Najeriya, ya dawo da su ko ya dawo da sunan wanda ya kora su. Tun da matarsa Indo ta rasu, shekara biyu ke nan, ya rage fita. Ba ya kuka, ba ya fira. Yana cin tuwon da ƙanwarsa ke aiko masa ba tare da ya san ko akwai gishiri ba. In an kira shi aiki yana zuwa, don ƙafafunsa sun saba.

Ya gaida maigari, ya cire takalmansa ya tsallake igiya. Ya daɗe a tsugune, hannunsa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa ta gefen da rana ke haskowa. Mutane suka gaji da jira suka koma surutu.

Ƙofar shagon a share take. An share daga cikin ɗaki har zuwa lungun da ke fita bayan gida, an tara ɗan sharar a kusurwar katanga. A kan sharar akwai sawun takalmi iri ɗaya tak, takalmin roba mai gindin zane, na sakatare. Ya leƙa ciki. Kwaɗon yana ƙasa kusa da akwati, da wani dutse da ba na ɗakin ba.

Ya tambayi Abdul Aziz yadda ya tarar da wurin. Abdul Aziz, mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu na kwaleji, ya maimaita abin da ya faɗa. Ya ce ɓarawon ya share sawunsa ne don ya san za a kira Mahaman. Ya ce yana shiga ya ga abin da ya gani, ya fito da gudu ya buga ƙofar maigari. Mahaman ya tambaye shi ko ya taɓa wani abu a ciki, ya ce ko tsinke bai taɓa ba.

"Sau nawa ka shiga?"

"Sau ɗaya, Baba Mahaman."

Mahaman ya gyaɗa kai, ya tashi.

*

Ɗan Azumi yana zaune a zaure, ƙafafunsa a miƙe, yana warin mai. Bai musa komi ba. Ya ce ƙwarai ya bi ta bayan gidan maigari, nan ce hanyar da ba yashi, kuma kullum sai ya bi ta. Ya ce maganar ƙona littafi shi ya faɗe ta, kuma har yanzu yana kan bakansa, don babansa shekara uku a cikin ƙasa amma sakatare bai daina karɓar lanhonsa ba. Duk lokacin da ya yi magana sai a ce masa sunan mutum ba ya fita daga littafin gwamnati sai an yi sabuwar ƙidaya.

Mahaman ya san wannan magana. Shi ma an faɗa masa ita, kuma sau biyu yana biyan dala ɗari da arba'in na Indo, wato sefa ɗari bakwai. Bai yi gardama ba a lokacin, ya miƙa kuɗin ya tafi.

Ya zagaya bayan gida ya bi sawun taya. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, daga ƙofar Ɗan Azumi har bakin babbar hanya. Ba inda tayar ta lotsa don an tsaya, ba inda aka sa ƙafa a ƙasa, ba inda aka kafa ƙarfen jingina. A bakin lungu kuwa tsintsiya ta bi ta kan sawun tayar ta shafe shi. Ke nan babur ya riga ya wuce sannan aka yi sharar. Mahaman ya bi har bakin hanya duk da haka, ya dawo a hankali.

Da ya gaya wa maigari cewa Ɗan Azumi bai tsaya ba, samarin da ke zaure suka ce ai yana iya ajiye babur can nesa ya dawo da ƙafa. Mahaman ya roƙi maigari kada a kira jandarma sai bayan la'asar, ya kuma nemi izini ya yi magana da cikin gida.

Ruƙayya, uwargidan maigari, ta tsaya a bayan zana. Ya tambaye ta wa ke share ƙofar shago. Ta ce ɗiyarta Sadiya ce, amma sai an karya kumallo take fita, yau kuwa da hayaniya ta tashi ba a bar ta ta fita ba. Ya tambaya ko ƙofar shago tana da makulli. Ta ce makullin ya lalace tun da damina, ƙusa ce ake soka wa, kowa a garin ya sani. Akwatin ne mai kwaɗo, mabuɗinsa kuma yana wuyan sakatare.

Ya koma ya sake tsugunawa kan sharar. Ya taɓa ganin ɓarayi sun ɓata sawu: reshen ƙaya suke ja a baya, ko su karkaɗa riga, su bar ƙasa a hargitse. Wannan ba haka ba ne. Layin tsintsiya ne a jere, kowane ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, kamar yadda mace ke yi a ƙofar ɗakinta. Wanda ya yi ta ma bai iya barin ƙazantar a watse ba, sai da ya tara ta a kusurwa. Kuma kowane layi ya faro ne daga hagu ya lanƙwasa zuwa dama. Da hannun hagu aka riƙe tsintsiyar.

*

Ya bi garin lungu-lungu, hannuwansa a baya, yana kallon ƙofofin gidaje. Mata duk sun yi sharar safe. Waɗanda suka gan shi sun zaci sawun ɓarawo yake nema, wasu yara suka biyo shi, ya kore su. A ƙarshen gari, ta wajen hanyar tafki, ya tsaya a ƙofar Zulai.

Zulai gwauruwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana sayar da daddawa da kuka. Shekarun baya ta faɗi a bakin rijiya ta karye a hannun dama, ɗorin bai zauna daidai ba. Ɗanta ɗaya, Hamisu, ya tafi haƙar zinariya Jado shekara bakwai da suka wuce. Shekara biyu na farko yana kira a wayar maƙwabta, daga nan shiru.

Ya yi sallama, ta ce ya shigo. Tana zaune tana tsince kalwa a faifai. Ta tura masa tabarma da ƙafa, suka gaisa, ta tambaye shi gida, ya ce lafiya. Sannan ya ce mata ya ga shara mai kyau a ƙofar maigari.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta gama tsince abin da ke gabanta, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da littafin a naɗe cikin tsohon zane. Ta ajiye shi a tsakaninsu amma ba ta ɗauke hannunta daga kai ba.

Ta ce jiya a wurin niƙa ta ji matar sakatare tana cewa bana in an kai littafi meri, za a soke sunan duk wanda ya shekara biyar ba ya gari. Ta ce ita ba ta san boko ba, ba ta ma san shafin da yaron yake ba. Ba ta kiran sunan Hamisu, ɗan fari ne. Duk shekara ita ke biya masa lanho, tana adana takardun a cikin gwangwanin madara. Ta ɗauko gwangwanin ta nuna masa, guda bakwai, a ninke.

"In sunka soke shi, ya zama ba ɗan garin ba ke nan," in ji ta. "In ya dawo, mi zai tarar?"

Ya tambaye ta akwatin. Ta ce ta gan shi a kusurwa da kwaɗonsa a kulle, ba ta ko matsa kusa ba. Sai yanzu ta ɗago ta dube shi, ta tambaya ko gaskiya ne abin da ta ji, wai har da kuɗi. Ya ce haka aka ce. Ta ce ita littafi ta ɗauka, in za a kai ta jandarma a kai ta kan littafi.

Ya ce ba wanda zai kai ta ko'ina, ta ba shi littafin. Ta ce sai in zai je meri da kansa ya roƙar mata manyan can, su bar sunan. Ta ce za ta ci gaba da biya, ba ta taɓa yin latti ba, ya gaya musu haka. Mahaman ya dubi hannunta na dama da ke kan littafin, a karkace. Ya ce zai je.

*

Ya sa littafin cikin buhun taki, ya fita ta hanyar tafki don kada ya bi ta gaban maigari. A bakin hanya ya sami kabu-kabu ya kai shi Madarunfa.

Bai taɓa shiga meri ba sai ranar da ya kai takardar rasuwar Indo, ranar ma ɗan ƙanwarsa ne ya yi magana. Ya tambayi mai gadi inda ake sanin maganar lanhon ƙauyuka. Mai gadi ya nuna masa wani allo a bangon baranda, an manna takardu a kai, ya ce ga shi nan, kowane gari da abin da aka yanka masa da abin da ya kawo, kowa na iya dubawa. Mahaman ya tsaya gaban allon yana kallon layukan. Shekarunsa duka yana karanta ƙasa, wannan kam bai san kansa ba bai san gindinsa ba. Ya koma ya ce wa mai gadi shi mutum yake so. Aka tura shi biro, wato ofishi, na farko, suka ce ba nan ba ne. A na biyu aka ce ya jira Madam Mardiyya, ta fita.

Ya zauna kan benci har ta dawo. Mace ce matsakaiciya mai tabarau, tana tafe da ƙunshin takardu a hammata. Ta ce, "Baba, mi ke tafe da kai?" Ya gaya mata daga Kurnar Bako yake, ya faɗi saƙon Zulai kamar yadda aka ba shi, har da cewa ba ta taɓa yin latti ba.

Mardiyya ta ce gaskiya ne bana za a duba sunaye, amma ba a soke mutum don kawai yana tafiya, bari dai ta duba. Ta ɗauko nasu littafin daga kabad, ta buɗe shafin gidan marigayi mijin Zulai. Ta ja yatsa kan layi ta tsaya. Ta tashi ta buɗe wani kabad, ta daɗe tana juya takardu, ta zaro ɗaya ta karanta a zuci, ta zauna.

Ta ce sunan Hamisu an soke shi shekara biyar ke nan. Takarda ce ta zo daga arewa: rami ya rufta da mutum shida a wurin haƙar zinariya, an sami katinsa a aljihu, an binne su can. Meri ta aika da kwafi ga maigarin Kurnar Bako don a sanar da iyali. Ta juyo masa takardar ta nuna masa ƙasanta, inda wanda ya karɓa a madadin maigari ya sa hannu. Ta karanta masa sunan.

Mahaman ya ji maganar ta shiga kunnensa ta zauna, kamar an ajiye kaya a ɗakin da ba kowa. Ya buɗe buhu ya fito da littafin garinsu, ya ce ta duba masa ko biyun sun yi daidai.

Ta jera su gefe da gefe. Ta yi ta bi gida-gida da bakin alƙalami, tana yin ɗigo a wata farar takarda. Aka kira azahar, ba ta tashi ba. Da ta gama ta ce a littafin meri masu biya a Kurnar Bako mutum ɗari uku da tamanin da shida ne, kuma kuɗinsu kawai ake nema, shi ne adadin da ke manne a allon waje. A littafin sakatare mutum ɗari huɗu da talatin da ɗaya ne. Suna arba'in da biyar ke nan da gwamnati ta daɗe da sokewa, yawanci matattu, sauran waɗanda suka ƙaura. Ta ce ba a jiran ƙidaya, ranar da aka kawo takardar rasuwa ranar ake sokewa.

Ya tambaye ta wani suna. Ta duba, ta ce Indo matar Mahaman, an soke ta a watan da ta rasu. Ta ɗago kai ta tambaya ko ya san ta. Ya ce e, ya san ta.

Ta rubuta sunayen arba'in da biyar a takarda, ta buga hatimi, ta haɗa masa da kwafin takardar Hamisu. Ta ce dole ta sanar da na gaba da ita, amma ya fara kai wa maigari. Ya yi godiya. A baranda ya yi alwala ya yi salla, ya zauna kaɗan yana kallon awaki suna cin kwali a gindin allo, sannan ya nemi abin hawa.

*

Bayan la'asar aka taru ƙarƙashin kurna. Maigari a kan kujera, liman a gefensa, Ɗan Azumi a ƙasa tsakanin samari biyu, Abdul Aziz a tsaye kusa da igiya. Mata sun cika bayan zana.

Mahaman ya zaro littafin daga buhu ya ajiye gaban maigari. Wurin ya ɗauki hayaniya, kowa na tambayar inda ya samo shi. Ya ce wanda ya ɗauki littafi bai taɓa akwati ba, kuma zai nuna. Ya sake cire takalmansa, ya roƙi maigari da liman su tsallako igiya su tsaya inda ya nuna musu.

Ya nuna musu layin tsintsiya a cikin ɗaki. Ya nuna kwaɗon, da ɓarɓashin tsatsa da ya zuba lokacin da aka doke shi, da dutsen. Duka a kan shara suke, ba a ƙarƙashinta ba. Ya ɗaga dutsen, layukan tsintsiya suna nan a ƙasansa ba su ɓaci ba. Wanda ya yi shara ya gama ya tafi, sannan aka karya kwaɗo. Daga nan ya fito ya nuna sawun takalmin roba: ga shiga, ga fita zuwa gindin katanga inda gurbin dutsen yake, ga komawa, ga fita da sauri ta lungu, ga dawowa.

"Ka ce mini sau ɗaya," in ji shi, bai ɗaga murya ba. "Uku ne."

Abdul Aziz ya fara cewa ya rikice ne da safe, bai san sau nawa ya shiga ba. Mahaman ya miƙa wa liman takardar Mardiyya. Liman bai iya boko sosai ba, sai aka kira malamin lakwal ya karanta. Ya fara kiran sunaye. Baban Ɗan Azumi shi ne na huɗu. Duk sunan da aka kira sai wani a cikin taron ya yi ajiyar zuciya, ko wata a bayan zana ta ce Allah ya jiƙan rai. Da aka zo kan Indo, mutane suka juyo suka dubi Mahaman, shi kuwa ƙasa yake kallo. Tun kafin a fara Mahaman ya raɗa wa malamin suna ɗaya a kunne, ya ce ya tsallake shi.

Ba a kai ƙarshe ba Abdul Aziz ya zauna a ƙasa. Ya ce da suna biyu ya fara, shekarar da ɗansa ya kwanta asibiti a Maraɗi, da niyyar ya daina. Bana kuma ya taɓa na gwamnatin ma, jika saba'in, ya sa a cinikin wake ya faɗi. Kwana uku ba ya barci don tunanin gobe. Da ya shigo ya ga babu littafi, sai ya ga kamar an buɗe masa ƙofa. Ragowar kuɗin suna cikin rumbunsa a ƙarƙashin damin gero.

Samari suka miƙe, maigari ya ɗaga sanda suka koma. Ya aiki mutum biyu da liman su ɗauko kuɗin. Ya juya ya ce wa Ɗan Azumi ya yi haƙuri. Ɗan Azumi ya tashi ya karkaɗe wandonsa. Sai wani dattijo ya ce to an ji na kuɗi, saura wanda ya ɗauki littafi. Mahaman ya ce littafi ya dawo, ba a yage ko shafi ba, a bar maganar.

"Ni na ɗauka."

Zulai ce. Ta fito daga bayan zana ta tsaya a gefen taro, mayafinta a kafaɗa. Ta ce wa maigari ransa ya daɗe, ya yi mata hukuncin da ya ga dama. Sannan ta juya ga Mahaman. Ta ce ta saurari sunayen duka, ba ta ji na yaron ba.

"Sun yarda ke nan? Sun bar shi?"

Mahaman ya so a ce a gidanta ne, ita da shi da liman. Tun daga Madarunfa yake shirya yadda zai fara, bai sami ko kalma ɗaya ba. Ya zaro ɗaya takardar daga aljihu ya miƙa wa Abdul Aziz, ya ce shi ya sa hannu ya karɓe ta, shi ya kamata ya karanta. Abdul Aziz ya dubi takardar, ya rufe fuska da hannu biyu. Daga cikin hannuwan ya ce ranar da ta zo ya kama hanyar gidanta, ya kai har ƙofa ya kasa shiga. Bayan kwana biyu ita ta zo da dala ɗari da arba'in a ƙulle a bakin zane, ya karɓa. Daga ranar kuma babu yadda zai faɗa.

Mahaman ya karɓe takardar. Ya matsa kusa da ita ya tsuguna, kamar yadda ake yi wa babba, ko da yake sa'anni ne.

"Zulai, sai haƙuri. Allah ya yi wa Hamisu rasuwa. Rami ne ya rufta da su, su shida. An yi musu salla an binne su can."

Maza suka fara salati ƙasa-ƙasa. Wata ta fashe da kuka a bayan zana. Zulai ba ta motsa ba. Ta tambaya yaushe. Ya ce shekara biyar. Ta tambaya wane wata, aka ba malamin lakwal ya duba, ya lissafa ya ce ya yi daidai da watan azumi. Ta gyaɗa kai, kamar an gaya mata farashin wani abu a kasuwa.

Maigari ya ce za a mayar wa kowa kuɗinsa, da nata za a fara, jika uku da rabi, yanzu-yanzu daga aljihunsa. Ta ce a ba Ruƙayya ta sayi gero a yi sadaka, ita ba ta da abin yi da su. Mata biyu suka zo suka kama ta, ta zame hannunta a hankali. Ta dubi taron har idonta ya sauka kan Ɗan Azumi, ta tambaye shi ko da mai a motarsa. Ya ce akwai, Inna.

Hamisu ya bar matarsa, Fati, da goyon wata huɗu lokacin da ya tafi. Tana gidan iyayenta a Gabi. Sau uku iyayen suna zuwa neman a raba auren, sau uku Zulai tana zuwa da kanta ta roƙe su su ƙara haƙuri, ta nuna musu takardun lanho ta ce gwamnati ma ta san yana raye. Fati kuma ta ce za ta jira.

"Ka tahi Gabi," in ji Zulai. "Kada ka faɗa ma yarinyar a tsaye, ka nemi ubanta tukuna. Ka ce ni na aiko ka. Ka ce ta gafarta mini, ni na riƙe ta."

Ɗan Azumi ya kwance jarkokin daga babur ya jera su a gindin kurna. Ya dubi Mahaman ya ce shi bai san yadda ake faɗin irin wannan ba. Mahaman ya ce shi ma bai sani ba. Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya ɗauko takalmansa daga bakin igiya, ya hau babur a bayansa.